Juzu'in da Na Ce Na Karanta

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Yau Mastura ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da farantin basbusa, wani kek ɗin Larabawa, a hannu, bakinta har kunne. Wai an sanar za a zauna teburin sulhu ranar Alhamis. Na ce alhamdu lillahi, na karɓi farantin, na mayar da ƙofa, sai na jingina da ita don gabana ne ya faɗi. Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai karanta littafin nan sai ni. Ban ji daɗin labarin ba.

Mastura maƙwabciyata ce a benen nan na Sharafiyya, ƙofa na kallon ƙofa. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka taho aikin Hajji da ƙafa suka zauna. Mijinta Majid yana aikin inji a jirgin ruwan ɗaukar kaya. Jirginsu ya tashi daga tashar nan kafin a fara yaƙi, ya shiga Tekun Fasha, aka rufe hanya a bayansu. Tun lokacin suke tsaye a tsakiyar ruwa, makamai na giftawa ta samansu. Ga 'ya'ya uku, ga ciki. To wace irin mace ce za ta ji an ce sulhu, gabanta ya faɗi? Ni ce, Lailatu.

Dalilina ga ta can kwance a falo, ta baje ƙafa tana cin basbusar. Rumaisa. A takarda kaɗai nake iya kiran sunanta. 'Yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta ambaton sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban manya, ba ta nuna ta san da zamanta. Ubanta ya rasu tana rarrafe. Ranar da aka yaye ta aka miƙa wa mahaifiyata, Inna Azumi, a Funtuwa, kamar yadda ni ma aka miƙa ni ga tawa kakar. Ni kuma na sami aikin jinya a wani asibiti a nan, na taho. Yanzu shekararta bakwai, kuma Anti take ce mini.

Na yi musu bizar ziyara ita da Inna, su yi Umara su ɗan huta. Ana gab da komawarsu aka fara ruwan wuta, jiragen Kano suka daina tashi, aka tsawaita bizar duk wanda ya maƙale har sai an buɗe hanya. Wata guda muka yi niyya, ga shi mun shiga na uku. Ranar da aka sasanta, ranar jirage za su tashi, su tafi mini da ita.

Talata, 3 ga Nuwamba

Ban rubuta sunan ƙasashen ba, kuma ba zan rubuta ba. Baƙo mai iƙama a jaka, wato takardar izinin zama, yana koyon kame baki, har alƙalaminsa ma ya koya. Akwai dai masu tace sinadarin yuraniyom a ƙarƙashin duwatsu, suna rantsuwa na wutar lantarki ne. Akwai masu yi musu luguden bama-bamai, suna rantsuwa na makamin ƙare dangi ne, alhali su nasu makaman suna jibge a ɗaka ba wanda ya isa ya leƙa. Abin da za a tattauna: waɗancan su miƙa abin da suka tace a kai wata ƙasa ajiya, su bar masu bincike su shiga, su kuma a janye musu takunkumi a daina jifansu. Wasu na cewa tunda an zauna, a kwashe makaman nukiliyar yankin gaba ɗaya, na kowa da kowa. Ko da na ji wannan na san a nan za a sami tirjiya, kuma wallahi sai da na ji sanyi a raina.

Na zama gwana a harkar. A ɗakin shan shayi na asibiti ni ake tambaya ina aka kwana. Wata abokiyar aikina 'yar Sudan har cewa ta yi da ni aka tura teburin da tuni an gama. Sun ɗauka son zaman lafiya ne ya hana ni ajiye waya. Ba su san dubawa nake yi ba irin ta mai sayen atamfa, ina neman inda ta yage.

A ɓangarenmu akwai masu ciwon maƙoshi da ke jiran wani magani da sai ta jirgi yake zuwa. Wani dattijo kowane mako sai ya zo ya tambaya. Yau ma ni na ce masa ya ƙara haƙuri, Ammu, wato baffa, in sha Allahu an kusa. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Da ya sani.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Haƙorin yarinyar na gaba ya fita. A hannuna ya fita, Inna tana barcin bayan azahar. Ban ga kitsonta na fari ba, ban ga tafiyarta ta fari zuwa makaranta ba, amma na ga wannan. Inna ta tashi ta ce ta rufe bakinta kada ƙadangare ya ga giɓin, haƙorin ya ƙi fitowa. Yarinya ta zagaye gidan nan kaf, ta dawo ta ce wa Inna, ƙawata, garin nan fa ko ƙadangare ba su da shi. Na shige kicin na yi dariyata a can, don ba a yi wa 'yar fari dariya a gaban uwa.

Alhamis, 5 ga Nuwamba

An fara zaman. Khala Haifa, gwaggon Mastura, ta tara mu matan benen da na maƙwabta. Za a yi khatma, abin da mu muke kira sauka, don Allah ya daidaita masu taron, ya dawo da Majid. Yadda suke yi a nan: a raba wa kowa juzu'inta, ta karanta a gida, gobe bayan la'asar a haɗu a yi addu'a a kan an sauke gaba ɗaya. Inna ba ta iya duba rubutu yanzu saboda idonta, aka ce ta riƙa jan carbi. Ni aka ba ni na goma.

Khala Haifa ta dafa kafaɗata ta ce da irinku muke taƙama, ya binti, 'yan Nijeriya akwai karatu.

Jumma'a, 6 ga Nuwamba

Ban karanta ba.

Ba ni da uzuri ko ɗaya. Ba ni da aiki yau, ina da tsarki, na yi alwala, na shimfiɗa darduma, na buɗe daidai wurin. Sai yarinyar ta zo ta zauna a gefena, ta jingina kanta da hannuna, tana wasa da bakin hijabina. Ba ta taɓa yin haka da kanta ba. Sai wani tunani ya zo mini tsirara, ba ko kunya: yanzu idan aka karɓi saukar nan fa? Na zauna baki a rufe har ta gaji ta tashi. Na ce zan karanta bayan azahar. Bayan azahar na tsiri wankin labule.

Da la'asar muka taru a falon Mastura. Khala Haifa ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Da ta zo kaina ta ce, "Khallasti, ya Laila?"

Na ce, "Na gama, Khala."

Ko muryata ba ta yi rawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Aka ɗaga hannu, na ɗaga. Mastura tana kuka shiru, cikinta a gaba, tana cewa amin. Tsofaffi da masu goyo da wata yarinya da ta kwana biyu tana haɗa baƙi, kowa ta kawo nata. Saukar da suka miƙa wa Ubangiji da rami a tsakiyarta, kuma ni kaɗai na san wurin. Bayan nan aka kawo shinkafa da siriya, wato tsirenmu ne da ya koyi Larabci. Na ci. Har ƙari aka yi mini na ci.

Litinin, 9 ga Nuwamba

Taro ya watse. Waɗannan sun ce sai masu bincike sun shiga kafin a taɓa takunkumi, waɗancan sun ce sai an janye takunkumi kafin ƙafar baƙo ta taka musu ƙasa. Manyan mutane da furfura, rigimar yara: kai fara saki, a'a kai fara.

Ina wanke-wanke na tsinci kaina ina 'yar waƙa. Na waiwaya, Inna na tsaye a bakin ƙofa da buta, tana dubana. Ta bangon kicin kuma ana jin shesshekar Mastura.

Laraba, 11 ga Nuwamba

An harbi wani jirgin kaya a inda su Majid suke tsaye. Ba a faɗi sunan jirgin ba. Wayarsa ba ta shiga.

Alhamis, 12 ga Nuwamba

Har yanzu shiru. Na je na auna jinin Mastura, ya hau sosai, ƙafafunta sun kumbura. Na ce ta kwanta ta gefen hagu, na ba ta abin da ya dace, na yi duk abin da ma'aikaciyar jinya take yi. Ta riƙe hannuna ta ce ba ta da 'yar'uwa a duniya kamata. Khala Haifa na zaune a bakin gado tana ba ta baki, wai ta kwantar da hankalinta, mun sauke cikakkiya, Allah ba ya mayar da hannun da ya sauke littafinsa wayam.

Cikakkiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce na bar tukunya a wuta, na fito.

Na yi makaranta. Na san ba juzu'ina ne yake tuƙa makami mai linzami ba, na san masu harbin ba su san da wata Lailatu a Sharafiyya ba. Na faɗa wa kaina wannan tun safe. Amma ai ba ƙarya ba ce cewa na so taron ya watse, kuma ya watse, kuma abin da watsewarsa ke nufi ke nan: mijin wata a cikin wuta a tsakiyar ruwa. Ni da nake ƙirga ribar kwana biyu da yarinya, ban taɓa zama na kalli abin da ake biya ba. Ko dai na kalla na kau da kai. Na biyun ne.

Asabar, 14 ga Nuwamba

Na karanta juzu'in nawa yau a masallacin mata na asibiti, lokacin hutun cin abinci. Na maimaita. Ban ji an cike komai ba. Addu'ar an riga an yi ta tun wancan mako, abin ya zama kamar zuba gishiri bayan an cinye tuwon.

Na so in tambayi wani malami hukuncin, amma ta ina zan fara? Malam, wata mata ce...

Lahadi, 15 ga Nuwamba

Majid ya kira. Yana raye. Jirgin da ke kusa da nasu aka samu, su ne ma suka tsamo waɗanda suka faɗa ruwa. Mutum biyar ba a same su da rai ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka, don kada Inna ta tambaye ni kukan me nake yi wa mijin maƙwabciya har haka.

Talata, 17 ga Nuwamba

Na tsallaka wurin Mastura da niyyar in faɗa mata. Na shirya maganar tun a motar asibiti. Na tarar da ita ita kaɗai tana tsince ganyen mulukhiyya, wato lalo, na zauna ina taya ta. Na ce akwai abin da ke damuna game da ranar khatma. Ban kai ga ci gaba ba ta ajiye ganyen, ta ce ita ma akwai abin da ya tsaya mata a wuya, bari ta riga ni.

Wai a kwanakin da ba a ji duriyar Majid ba, ba cewa take yi Allah ya tsare mutanen jirgin ba. Cewa take yi Allah ya sa na wasu ne. Da ya kira kuwa, sujada ta yi.

"Wallah ya ukhti, farin ciki na yi," in ji ta. "Mutum biyar. Kowanne yana da mata irina, wataƙila da ciki irin nawa. Ni kuma ina sujada. Wace irin zuciya ce wannan?"

Na ce mata zuciyar mutane ce, kowa haka yake, Allah ya san rauninmu. Na iya ba da baki, sana'ata ce. Ta share ido ta ce to ke mene ne naki? Na dube ta. Ita tata addu'ar ba ta cuci kowa ba, bayan an harba ta yi ta. Ni kuwa da ƙafata na shiga falonta, na ci shinkafarta, na yi mata ƙarya a kan mijinta. Na ce ba komai, gani na yi siriyar ta yi yaji da yawa ga mai hawan jini.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na dawo da kayana yadda na je da shi.

Jumma'a, 20 ga Nuwamba

Mun je Makka, Inna ta ce tana so ta ƙara ɗawafi tunda Allah ya tsawaita mata zama. A hanyar dawowa Inna ta yi barci a motar, yarinyar tana tsakaninmu. Kullum in na dawo aiki sai ta tare ni da Anti, masu taron sun shirya? Na ɗauka kwaikwayona take yi, tunda ta ga ba ni da zance sai shi. Yau na tambaye ta a hankali me ta roƙa da ta ga Ka'aba.

Ta ce ai Inna ta ce ba a faɗa. Can kuma ta matso kunnena.

"Na ce Allah ya sa su daina faɗa, jirgi ya tashi, mu koma gida. Kullum shi nake roƙa, har a sujada."

Na ce nan ba gida ba ne? Ta yi ɗan tunani, don yarinya ce mai kara. Ta ce nan ma da daɗi, akwai ayis kirim, amma an bar ta a baya a islamiyya, kuma akuyarta ta kusa haihuwa, kuma a nan ba a fita waje. Sai ta ƙara da cewa, Anti ke ma ki riƙa roƙa mana, ke babba ce, an fi jin taki.

Na ce to.

Wata uku ina ja da wani a gaban Ubangiji, ina zaton da Mastura nake ja. Ashe har da ita. Na juya fuskata wajen taga har muka shigo Jidda.

Litinin, 23 ga Nuwamba

An koma teburi. Wai mutuwar mutanen jirgin ce ta sa masu shiga tsakani suka matsa. Ban buɗe labarai a wurin aiki ba. 'Yar Sudan ta tambaye ni ina aka kwana, na ce ban sani ba, ta taɓa goshina wai ko zazzaɓi nake yi.

Laraba, 25 ga Nuwamba

An sa hannu. Ba sulhu ne na gaba ɗaya ba, tsagaita wuta ce. Za a kwashe abin da aka tace a kai wata ƙasa, masu bincike su shiga a rana ɗaya da janye kashin farko na takunkumi, don kada wani ya ce shi ya fara saki. Maganar kwashe makaman kowa da kowa an tura ta gaba, wai za a kafa kwamiti. Mun san kwamiti.

Benen nan ya kaure da guɗa. Yarinyar ta yi ta tsalle a kan katifa, Inna na cewa za ki karya wa mutane gado, uwar rawar kai. Jiragen Kano za su fara tashi ƙarshen mako, an ba waɗanda suka maƙale 'yan kwanaki su fice.

Ban san me na ji ba. Na ji sauƙi, wannan gaskiya ne. Na kuma ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji ba allurar kashe zafi.

Asabar, 28 ga Nuwamba

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba.

Inna tana zaune a ƙasa tana ƙulla tsaraba, dabino da bagaruwa da carbi, kowane ƙulli da mai shi. Yarinyar tana ɗaki. Na zauna nesa kaɗan, na fara kewaye-kewaye. Na ce makarantun garin nan suna da kyau. Na ce ana iya sa yaro a kan iƙamar uwarsa idan asibiti ya yarda, kuma na ji ana yarda. Na ce ko don Larabci. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ƙulli har na ƙare kame-kamena.

Sannan ta ce, "Lailatu, ni ban ƙwace miki 'ya ba, riƙo aka ba ni. In kina son abarki ki faɗa da bakinki. Makaranta ba ta da baki."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Shekara talatin da huɗu ban taɓa haɗa ido da Inna a kan magana irin wannan ba. Ashe na gwammace ƙasashe su yi ta ƙone juna da in buɗe baki in faɗa wa uwata kalma biyu. Da na ga haka ƙarara, sai kalmomin suka fito da kansu.

Na ce, "Ina so, Inna."

Na ga ƙullin da take yi ya ƙi ƙulluwa, yatsunta suna ta zamewa a kan ledar. Inna da ke zaune ita kaɗai a gidan nan tun rasuwar Baba, ba mai miƙo mata buta, ba mai karanta mata lambar waya sai wannan yarinya. Ta ce ta ji, kuma ba ta hana ni ba, Allah ya sa albarka. Amma ita ba za ta iya faɗa mata ba. In je in faɗa mata da kaina.

Na tashi na shiga ɗakin. Na tarar ta zazzage 'yar jakarta a kan gado tana sake shiryawa, karo na nawa ban sani ba. Ta nuna mini: wannan zoben na ƙawarta ne, wannan turaren na malamar islamiyya, wannan igiyar mai ƙararrawa ta ɗan akuyar da za a haifa ce, Mastura ta saya mata. Jakar ta ƙi rufuwa. Ta ce Anti zo ki danne mini in ja zif ɗin.

Na danne mata. Ta ja.

Da na fito Inna ta dube ni, na girgiza kai. Ta sunkuyar da nata. Ba mu ƙara tayar da maganar ba, sai dai da magariba ta ce yatsunta sun gaji, in zo in yi wa yarinyar nan kitso kada ta shiga jirgi da kai kamar sheƙar tsuntsu. A gabanta na yi shi. Ta juya mana baya tana jan carbi, kuma na lura ba ta yi saurin gamawa ba.

Talata, 1 ga Disamba

Sun tafi. A filin jirgi ta rungume ni ta ce sai kin zo, Anti, ta ruga ta kama hannun Inna. Ta waiwayo sau ɗaya ta yi mini dariya da giɓinta. Sabon haƙorin ya fara leƙowa.

Na dawo na tarar da takalminta ɗaya a ƙarƙashin kujera. Ɗaya kawai. Da me ta tafi?

Alhamis, 10 ga Disamba

Maganin masu ciwon maƙoshi ya iso, an kira dattijon nan. Majid bai dawo ba tukuna, ana sakin jiragen ruwan kaɗan-kaɗan, amma an ce nasu yana layi. Akuya ta haifi biyu, an turo mini hoto, rabin hoton yatsan Inna ne.

Yau ina cin abinci na ji an ce wani ɓangare yana barazanar ficewa daga yarjejeniyar, wai an hana masu bincike shiga wani rami. Na tsinci bakina yana cewa ya Allah kada a rufe hanya, ya Allah ka daidaita su. Da gaske nake yi wannan karon, har cikin ƙashina. Ba zan yaudari kaina ba dai, ba don mutanen da ke ƙarƙashin bama-bamai ba ne kaɗai. Yanzu yarinyar tana ɗaya gefen hanyar ne. Ko a addu'ar kirki ma sai na sa son kaina. Allah dai ya karɓa a haka, ba ni da wata.

Har yau ban faɗa wa Mastura ba. Wataƙila in ta haihu. Wataƙila.

Ta shigo ɗazu aron albasa, ta tsaya a kicin tana ƙorafin firjinta ya daina sanyi. Na ce in tana so ta ɗauki nawa bayan azumi, lokacin da kwantiragina zai ƙare. Ta saki albasar ta dube ni.

"Tafiya za ki yi, ya Laila?"

Na ce ina zan je, girma ne kawai ya yi wa mutum ɗaya. Sai ta ce to gadon fa?

Na ce shi ma.